Kafin Ka Sa Hannu Yaronka Ya Tafi Aikin Daji A Sansanin Sojan Amurka

Idan dogon hutun bazara ya gabato a Amurka, makarantun sakandare kan cika da tallan guraben koyon aiki. A garuruwan da ke maƙwabtaka da sansanonin soja akan ga wani iri mai ɗaure wa iyaye kai: ana neman ɗalibai su taya ma'aikata kula da daji da namun dawa a cikin sansani. Mutanenmu mazauna can, da zarar yaro ya kawo irin wannan takarda gida, tambaya biyu suke yi. Me ya haɗa soja da tsuntsu? Kuma anya ba dabara ba ce ta jan yaro aikin soja?

Amsar ta farko tana cikin girman fili. Ma'aikatar Tsaron Amurka tana riƙe da ƙasa wajen eka miliyan 25, wato ta fi jihar Neja faɗi. Yawancinta daji ne da aka killace don atisaye: ba noma, ba kiwo sai da izini, ba mai yanka filaye yana sayarwa. Shekaru da dama da aka yi a haka sai ya zamana halittun da birane da gonaki suka kora sun samu mafaka a bayan wayar soja, har ɗaruruwan nau'in dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa suna zaune a can. Dokar Sikes ta 1960, wadda aka ƙarfafa a 1997, ta wajabta wa kowane sansani mai daji ya rubuta tsarin kula da shi tare da hukumomin namun daji. Shi ya sa sansanoni ke da masana dabbobi da malaman gandun daji, akasarinsu farar hula, kuma a ƙarƙashinsu ɗalibi yake aiki.

Ɗauki Fort Bragg da ke jihar Karolina ta Arewa. Akwai wani ɗan maƙwaƙwafi a dajinsa wanda ba ya huda mataccen itace kamar sauran 'yan uwansa, sai ɗanyen itacen fain mai dogon ganye, tsoho, kuma yakan yi shekara da shekaru kafin ya gama rami ɗaya. Yana kuma tsattsaga bawon da ke kewaye da ƙofar don danƙo ya riƙa tsiyaya, ya hana maciji hawa. An sa shi cikin jerin masu ƙarewa tun 1970. A 1990 hukumar namun daji ta ƙasa ta ja kunnen rundunar soja, aka taƙaita atisaye kusa da itatuwan da yake ciki, aka zagaye kowanne da farin fenti layi biyu don soja ya gani daga nesa. Abin mamakin shi ne, wannan daji da wuta yake rayuwa. In ba a ƙona ciyawa da ƙananan itatuwan ƙasa ba, sai ya cunkushe, tsuntsun ya yi ƙaura. Gobarar da harsasai ke tayarwa ta daɗe tana yi masa wannan aiki ba da niyya ba. Yanzu ma'aikata ne ke cinna wutar da gangan, kusan duk shekara uku a kowane yanki. Sansanin ya kai adadin tsuntsayen da aka ɗiba masa a 2005, kuma a 2024 aka sassauta matsayin tsuntsun a ƙasa baki ɗaya.

To, a irin wannan wuri me yaro ɗan shekara 16 zai yi? Ba hawan itace ba ne, wannan na ƙwararru ne. Shi zai fito da asuba, ya riƙe doguwar sanda mai kyamara a kai, a zura ta cikin rami a ƙirga ƙwai ko 'yan tsaki, ya rubuta lambar itace da kalar zoben da aka sa wa tsuntsu a ƙafa, da rana kuma ya zauna ya shigar da bayanan cikin kwamfuta. A Camp Pendleton da ke Kalifoniya aikin ya fi karkata ga shingen da ke kare sheƙar tsuntsayen bakin teku. A hamadar Twentynine Palms kuwa, 'ya'yan kunkuru ake reno cikin keji mai raga har ƙoƙon bayansu ya yi taurin da hankaka ba zai iya hudawa ba. Can ma akwai doka: ba a ɗaukar kunkurun hamada haka kawai, domin in ya tsorata yakan zubar da ruwan da ya tara a mara, ƙishi ya kashe shi. Aiki ne na haƙuri da gumi, kuma a ganina ya fi wa yaro amfani da ya ƙare hutu a kan waya.

Amma kada kyan dajin ya ruɗi kowa. Filin harbi ne. Akwai bama-bamai da gurneti da harsasan igwa da aka harba ba su tashi ba, wasu tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sun yi tsatsa sun saje da ƙasa. Tsatsa ba ta kashe bam. Abin da rundunar ke koya wa kowa abu uku ne: ka gane shi, ka ja da baya ta hanyar da ka zo ba tare da ka taɓa ba, ka kai rahoto. Wannan gargaɗi har gida ya shafe mu, inda yara da 'yan gwangwan ke tsintar ƙarfe a wuraren da aka yi faɗa ko atisaye. Duk shirin da zai shigar da yaro daji bai fara zaunar da shi ya yi masa wannan bayani ba, uba yana da damar ya ce a'a.

Sai a san iyakar abin da doka ta yarda a sa shi. Dokar ƙwadago ta tarayya ta hana wanda bai kai 18 ba ayyuka masu haɗari, ciki har da kashe gobarar daji, sarar itatuwa da zarto mai inji, da taɓa abubuwan fashewa. In yaro ya dawo yana ba da labarin an ba shi injin yanka itace, a kira shugabansa ran nan. Sauran haɗarin na kowane daji ne: zafin rana, maciji, da kaska, wadda a gabashin Amurka take ɗauke da cutar Laim. Dogon wando, takalmi mai rufi, da duba jiki kowace yamma. Ruwan sha kuma a tambaya. Daga 1953 zuwa 1987 mazauna sansanin Camp Lejeune sun sha ruwa mai guba ba su sani ba, sai a 2022 aka yi dokar da ta buɗe musu hanyar neman diyya, kuma kumfar kashe gobara ta gurɓata ruwan ƙasa a sansanoni masu yawa. Ya tafi da gorarsa, kada ya sha daga rafi.

Tambaya ta biyu kuwa, koyon aiki ba shiga soja ba ne. Ba wanda ake ɗauka soja yana ɗan 17 sai da sa hannun iyaye. Sai dai kada mu yaudari kanmu, yaron da ya yi wata biyu yana shiga da fita cikin masu kaki zai ji kwaɗayin abin, kuma rundunar ba ta ƙi hakan ba. Dokar ilimi ma ta wajabta wa makarantun da ke karɓar kuɗin tarayya su miƙa wa masu ɗaukar soja suna da adireshi da lambar wayar ɗalibai, sai in iyaye sun rubuta cewa ba su amince ba. Wanda bai so, ya nemi takardar a ofishin makaranta.

Ƙofar shiga ba ɗaya ba ce. Wasu guraben ta makaranta suke zuwa, wasu ta ofishin muhalli na sansanin, wasu ta ƙungiyoyi irin su Student Conservation Association da aka kafa a 1957, ko ta shirin Pathways na gwamnatin tarayya mai ɗaukar ɗalibai daga shekara 16. Wani ana biya, wani sa-kai ne, don haka a tambaya tun farko. Kusan duk na gwamnati 'yan ƙasa ake ba, kuma ba mai wuce ƙofar sansani sai an duba katin shaidarsa an bincike shi. Ke nan duk wanda ya turo talla ta WhatsApp a Kano ko Maraɗi cewa zai samo wa yaro irin wannan gurbi har da biza in an biya kuɗin fom, ɗan damfara ne. Neman aikin gwamnatin Amurka kyauta ne, kuma shafukanta na intanet da .gov ko .mil suke ƙarewa.