Dokar shekarar 1516 da har yau ke raba kan masu dafa giya a Jamus

A ranar 23 ga Afrilu, 1516, mahukuntan yankin Bavariya suka kafa doka a garin Ingolstadt wadda ta taƙaita kayan haɗa giya zuwa uku kacal: ruwa, sha'ir da furen hops mai ɗaci. Dokar, wadda ake kira Reinheitsgebot, ta ƙayyade farashi, ta kuma ba da ikon ƙwace gangar duk wanda ya saɓa mata.

Ba inganci kaɗai aka duba ba. An so a bar wa masu gasa burodi alkama, don kada abinci ya gagari talaka.

A 1987, kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa Jamus ba za ta fake da dokar ta hana shigo da giyar maƙwabtanta ba. Sai dai masu dafawa na cikin gida suna nan ƙarƙashin ƙa'idojin da suka samo asali daga gare ta.

Yau ƙananan masana'antu na kukan an ɗaure musu hannu, alhali takwarorinsu na Beljiyam suna zuba 'ya'yan itatuwa da kayan ƙamshi. Manyan kamfanoni kuwa sun riƙe dokar a matsayin tambarin da ke sayar musu da haja.