Shirin Musamman: Ta Zo Ta Ɗaya, Aka Hana Ta Digiri

Yau za mu je garin Kambirij na ƙasar Ingila, mu koma watan Yuni na 1890.

Babban zauren jami'a ya cika maƙil, samari a ƙasa, 'yan mata a saman bene suna leƙe. Ranar karanta sakamakon jarrabawar lissafi ce, wadda a duk Ingila babu mai zafinta. Duk wanda ya zo na ɗaya, sunansa sai ya shiga jarida. Bisa al'ada, ana fara kiran maza ɗaya bayan ɗaya, kowa da lambarsa. Mata kuwa ba su da lamba, sai dai a ce wance ta faɗo tsakanin na kaza da na kaza a jerin maza. Da mai karantawa ya zo kan Philippa Fawcett, 'yar shekara 22, sai ya sanar cewa tana sama da na ɗaya. Wuri ya kaure da sowa. Makinta ya zarce na gwarzon mazan da kusan kashi 13 cikin 100.

To, jama'a, wanda ta kayar shi aka naɗa gwarzon shekara, shi ya karɓi digiri. Ita takardar shaida kawai ta samu.

Yadda abin yake, tun 1869 aka kafa wa mata kwalejin Girton, sai Newnham a 1871, inda Philippa ta yi karatu. A 1881 jami'a ta yarda su zauna jarrabawa ɗaya da maza, amma ta ƙi lissafa su cikin ɗalibanta. Hujjojin da ake kawowa har da na likitoci. Wani likita a Amurka, Edward Clarke, ya wallafa littafi a 1873 yana cewa karatu mai zurfi kan raunana mace, ya cutar da haihuwarta. Sakamakon Philippa ya rushe wannan magana, amma ƙofa ba ta buɗe ba, domin dama ba ƙwaƙwalwa ce matsalar ba. Mai digiri yana iya kaiwa ga ƙuri'a a harkokin jami'a, kuma wannan ikon ne mazan ba su son rabawa.

A watan Mayu na 1897 aka kaɗa ƙuri'a kan batun ba mata digiri. Tsofaffin ɗalibai suka yi dafifi daga Landan a jiragen ƙasa don su ce a'a. Samari suka rataye mutum-mutumin mace a kan keke daga tagar wani bene, da sakamako ya fito suka sauke shi suka yayyaga. Sama da 1,700 suka ƙi, ƙasa da 700 suka yarda. A 1921 aka sake kaɗa ƙuri'a, aka sake ƙin ba su cikakken digiri, har wasu ɗalibai suka ɗauki amalanke suka je suka daddaki ƙofar Newnham. Ku tuna, ɗaliban ilimi ne waɗannan, kuma 'yan uwansu mata ne a cikin gidan. Wannan abin kunya ne, ba shi da wani suna.

Matan ba su naɗe hannu ba. Tsakanin 1904 da 1907, kimanin 700 daga Kambirij da Oksfod suka hau jirgin ruwa zuwa Dublin, inda kwalejin Trinity ta amince da jarrabawarsu ta ba su digiri. Philippa na cikinsu. Ta kuma yi aikin horar da malamai a Afirka ta Kudu, sannan ta shafe shekaru tana gina makarantun sakandare a Landan.

Jami'ar Landan ta buɗe wa mata digiri tun 1878, Oksfod a 1920. Kambirij sai 1948, shekarar da aka buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a Najeriya. Philippa ta rasu a watan Yuni na wannan shekarar tana da shekara 80, kafin a miƙa wa mace ta farko digirin a watan Oktoba.

A 1998 jami'ar ta gayyato matan da suka yi karatu a cikinta kafin 1948, domin ta karrama su a wancan zauren. Kimanin 900 suka halarta, mafi yawansu da furfura, wasu ana tura su a keken guragu.