Suna Linzami Ne: Kada 'Ya'yanmu Su Ji Kunyar Sunayensu

Kowace shekara, sa'ad da aka koma makaranta, aikinmu na fari shi ne rubuta sunayen sababbin yara a rajista. Wanda ya daɗe yana wannan aiki a ƙasar Pauwa ya san sunaye sun sāke. A dā malami yakan kira Tanko, Nomau, Kande, Jummai da Lami. Daga baya sai Bitrus, Bulus, Rifkatu da Saratu suka cika benci. Yau kuwa idan muka ce "Blessing", sai hannuwa su tashi ta ko'ina, har ya zama dole mu raba su: ga Blessing Babba, ga Blessing Ƙarama, ga Blessing ta gidan mai bishara.

Akwai wata yarinya da ta ce mana sunanta Precious, muka rubuta haka. Ran nan kakarta ta kawo kuɗin makaranta, ta tsaya bakin taga ta ɗaga murya ta ce, "Ajuji!" Aji duka ya fashe da dariya. Ba za mu ɓoye muku ba, mu ma mun yi murmushi. Yarinyar ta kifa kai a kan benci tana kuka, kashegari kuma ba ta zo ba.

Da yamma muka tafi gidansu. Bayan gaisuwa muka ce, "Iya, wa ya raɗa wa jikarki wannan suna?" Tsohuwa ta yi shiru, kāna ta ce, "Malam, ni ce. Uwarta ta binne 'ya'ya uku kafin ita. Da aka haife ta, aka kai ta juji aka ajiye, ni na je na ɗauko ta da hannuna. Ga ta nan, Allah ya bar mana." Yarinyar tana bayan zana tana saurare. Ashe ba ta taɓa jin wannan labari ba. Abin da ta sani kawai shi ne sunanta yana da juji a ciki.

Sunayen kakanninmu labari ne

Kakanninmu ba su da takardar haihuwa, sunan yaro shi ne takardarsa. Idan ka ji Tanko, ka san mata ne suka riga shi zuwa. Idan ka ji Kande ko Delu, maza ta biyo. Gambo yana bin tagwaye. Nomau ya zo ana tsakiyar aikin gona, Anaruwa ya zo sama tana zuba. Audi bai tarar da mahaifinsa da rai ba. Shekarau ya daɗe a ciki, Auta kuma shi ya rufe ƙofa. Ranaku bakwai na mako ma kowace da nata: Danladi da Ladi, Dantala da Talatu, Balarabe da Larai, Danlami da Lami, Danjuma da Jummai, har zuwa Dan'asabe da Asabe.

Sunayen 'ya'yan wabi kuwa, watau na macen da 'ya'yanta suke mutuwa tun suna ƙanana, su ne suka fi nauyi: Ajuji, Ayashe, Barau, Bawa. A zamanin da ƙyanda da agana da zazzaɓi suke kwashe jarirai, iyaye sukan nuna kamar ba su damu da jaririn ba, wai ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Mu masu bi mun san suna ba ya ruɗin mutuwa, gama rai a hannun Ubangiji yake. Amma hawayen da suka haifi sunan na gaskiya ne. Wanda ya yi wa Ajuji dariya, kabari uku ya yi wa dariya bai sani ba.

Waɗannan sunaye kuwa ba su hana kowa girma ba. Likita na fari daga Arewacin Nijeriya shi ne Dokta Barau Dikko, mutumin Wusasa, wanda babban asibiti a Kaduna yake ɗauke da sunansa. Balarabe Musa ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna daga 1979 zuwa 1981, lokacin ƙasar Katsina tana cikinta, kafin a ba mu tamu jiha a 1987. Ladi Kwali, maginiyar tukwane, hotonta ne aka buga a bayan takardar Naira 20.

Yayi yakan zo, yakan wuce

Sa'ad da bishara ta shigo ƙauyukanmu, masu tuba da yawa suka ɗauki sabon suna ranar baftisma. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, saboda haka sunayen da suka zaɓa na bakinmu ne: Istifanus, Filibus, Ishaya, Tabita, Hannatu. Waɗansu ma tare muke amsa su da maƙwabtanmu Musulmi. Musa, Haruna, Dauda, Yakubu, Yusufu da Maryamu suna nan a coci, suna nan a masallaci. Wannan ba ƙaramin zumunci ba ne, musamman a kwanakin da zaman tare yake bukatar kowace igiya da za ta riƙe shi.

Yanzu sunayen Turanci ake yayi: Blessing, Favour, Miracle, Precious. Ma'anarsu mai kyau ce, ba mu ce laifi ne ba. Sai dai mu tambayi kanmu: ma'anar muka so, ko kuwa don mun ji 'ya'yan birni suna amsa su? Ga Albarka, ga Alheri, ga Godiya, Murna, Salama, Bege, Ƙauna da Kyauta. Kaka tana iya faɗarsu ba tare da harshenta ya karye ba, ta kuma san abin da take faɗa. Mun sha ganin tsohon da ya kasa kiran sunan jikansa, sai dai ya ce "kai yaro". Mun kuma ga saurayin da aka tambaya a tasha ko shi baƙo ne, alhali kakanninsa sun yi noma a ƙasar nan tun ba a san mota ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Yayin suna ba a kanmu aka fara ba. A Amurka, inda hukuma take lissafin sunayen jarirai, Mary ce kan gaba cikin 'yan mata daga 1880 har 1946. A 1947 Linda ta ture ta. Yau dukansu biyu an bar su a baya. A Ingila da Wales kuma, a 2023 sunan Muhammad ne ya fi yawa cikin jarirai maza. Wanda ya raɗa suna domin yayi kaɗai, ya sani yayin zai tsufa kafin yaron ya yi furfura.

Me Littafi Mai Tsarki ya nuna mana?

Wanda yake baƙin ciki don masu sunansa sun yi yawa, ya duba almajirai goma sha biyu. Akwai Siman biyu, Yakubu biyu, Yahuza biyu. Cikin matan da suka tsaya kusa da gicciye ma Maryamu ba ɗaya ba ce. Ubangiji bai taɓa rikita su ba.

Wanda yake jin kunyar suna mai ɗaci kuma, ya karanta labarin Yabez a Littafin Tarihi na Fari, sura 4. Uwarsa ta sa masa suna saboda wahalar da ta sha wajen haihuwarsa, duk da haka ya fi 'yan'uwansa daraja, Allah kuwa ya ji addu'arsa. Wannan labari muka ba ajinmu ranar da yarinyar nan ta komo, bayan mun roƙi gafararta a gaban kowa. Muka kuma ba yaran aikin gida: kowa ya tambayo dalilin sunansa. Waɗansu suka dawo da labarai masu sa hawaye, har da wata Blessing wadda uwarta ta jira shekaru kafin ta samu haihuwa. Waɗansu kuwa aka ce musu, "Haka dai muka ji ana sawa." Su ne suka dawo jiki a sanyaye.

Shawara ga iyaye

Na ɗaya, miji da mata su zauna tare su yi addu'a kafin su raɗa suna. Zakariya da Alisabatu bakinsu ɗaya ne a kan sunan Yohanna, ko da yake dangi sun so a sa wa yaron sunan ubansa.

Na biyu, idan kun ba yaro sunan Turanci ko na Littafi Mai Tsarki, ku haɗa masa da na gida, ku kuma riƙa kiransa da shi cikin fara'a.

Na uku, sunan da kuka rubuta a takardar haihuwa, shi za a rubuta a makaranta da katin ɗan ƙasa, harafi da harafi. Tun 2021 ba a yin rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar NIN. Yaron da yake Ajuji a wata takarda, Precious a wata, sai ya je kotu ya yi rantsuwa, wani lokaci har da sanarwa a jarida, kafin a daidaita masa.

Na huɗu, wanda ya fi duka, ku gaya wa 'ya'yanku labarin sunansu tun tsofaffi suna da rai. Tashin hankalin 'yan bindiga ya kori iyalai da yawa daga ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Sun bar gonaki da rumbuna da kaburburan iyaye, sun koma Funtuwa, Malumfashi ko Zariya. Yaron da ya girma a ɗakin haya ba zai ga kukar ƙofar gidan kakansa ba, amma sunan da kaka ta raɗa yana tare da shi duk inda ya tafi.

Yarinyar nan har yanzu Precious take amsawa a aji, ba mu kuwa hana ta ba. Amma a bangon littafinta na lissafi mun ga ta rubuta sunayen biyu da hannunta, ɗaya kusa da ɗaya. Allah ya ba mu hikimar raɗa suna, ya kuma sa sunayenmu da na 'ya'yanmu su kasance a rubuce cikin Littafin Rai. Amin.