Jirgin Tokiyo da dogon da ake jira a Maraɗi

Duk wanda ya kwana a Sarkin Yamma jajibirin kasuwar Maraɗi ya san ƙarar amalanken shanu da ke kama hanya tun asuba, ɗauke da buhunan gero da na wake. A ƙasar Madarunfa ba a taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Amma tun watan Fabrairu 2021, da marigayi shugaba Muhammadu Buhari na Najeriya ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, zancen jirgi ya shiga bakin manoma da ƴan kasuwa. Layin mai tsawon kilomita 284 zai bi ta Katsina da Jibiya, kuma kamfanin Mota-Engil na Fotugal aka danƙa wa aikin a kan kusan dalar Amurka miliyan dubu 2.

Faɗin wannan dogo, mita 1 da milimita 435, daidai yake da na layin Ginza na birnin Tokiyo a Japan, layin ƙarƙashin ƙasa na farko a nahiyar Asiya, wanda aka buɗe ranar 30 ga Disamba 1927. A shekarar 2012 kamfanin Tokyo Metro ya saka wa layin sabon jirgi mai suna samfurin 1000. Taragu 6 gare shi, an yi musu launin rawaya don tunawa da jirgin 1927. Ba ya shan gas, ba ya hayaƙi: yana jan wutar lantarki daga wani dogo na uku da aka shimfiɗa a gefen biyun da ƙafafunsa ke bi. Idan direba ya ja birki, injunan kan juye su haifar da wuta, su mayar da ita cikin layi, wani jirgin ya amfana.

Abin lura shi ne, layin Ginza ya doshi shekara 100 yana aiki. Jirage sun tsufa an sake su, tashoshi sun lalace an gyara, ma'aikata sun yi ritaya wasu sun gaje su. Kulawar yau da gobe ce ta raya shi.

Mu kuwa a Nijar, daga na gaba ake ganin zurfin ruwa. Dogon Yamai zuwa Doso, mai kimanin kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, an yi bikin buɗe shi a watan Janairu 2016. Daga nan bai yi jigilar fatake ko kayansu ba. Ta fannin wuta ma, ba mu manta da watan Agusta 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke mana lantarki, garuruwa suka kwana cikin duhu.

Saboda haka tambayoyin da ya kamata ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati su yi tun yanzu a fili suke. Wa zai riƙa gyaran dogon daga iyaka zuwa Maraɗi? Nawa za a biya wa buhu guda? Kwana nawa tarago zai yi a hannun ƴan duwan? Wace hanya za ta kai waken Sarkin Yamma tasha da damina?

Iyayenmu sun kai gyaɗa Kano cikin manyan motoci, domin can dogo yake tun 1911. Yau dogon ne ke nufo mu. Allah ya sa ranar da ya iso, ya tarar mun shirya.