GANUWAR TANKIN MAI: YADDA ZA KA AUNA TA

Ya kai manomin auduga, ko kana zaune a Zongon Kumasi, ko kana can gona wajen Tamale ko Tumu, wannan magana taka ce in kana ajiye man dizal na tarakta a tanki.

Tanki yakan yi tsatsa, famfonsa yakan kwance. Ran da ya huje, man zai bi kwata ya gangara rafin Aboabo, ko ya nutse ƙasa ya ɓata rijiyar unguwa. Ka tuna da daren 3 ga Yuni, 2015, a Accra. Ruwan sama ya kwashi fetur daga gidan mai kusa da Kwame Nkrumah Circle, wuta ta bi shi, mutum fiye da 150 suka rasu.

Maganin wannan shi ne ganuwa. Watau ka kewaye tankin da gajeren bango na bulo, ka dafe ƙasan da siminti, ka shafe bangon ta ciki, don in mai ya zuba ya tsaya nan.

To, yaya girmanta zai kasance? Dokar da aka yi a Ingila a 2001 ta ce ganuwa ta iya cin duk abin da ke cikin tankin, da ƙarin kashi ɗaya bisa goma. Ma'auni ne mai kyau, mu ma mu bi shi.

Ga misali. Tankinka na cin lita 2,000. Ƙara 200, ya zama 2,200. Ka sani ramin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita guda ne yana cin lita 1,000. In ka yi ganuwa mita 2 tsawo, mita 2 faɗi, to bango mai tsayin santimita 55 zai ci lita 2,200 daidai. Amma ruwan Kumasi ba wasa ba ne, sai ka kai shi santimita 60. Ka auna daga ciki, kada ka haɗa da kaurin bulo.

In tankuna biyu ne cikin ganuwa ɗaya, yi lissafi da babban. Amma in ƙaramin a ƙasa yake zaune, ya cinye wuri, sai ka ƙara tsayin bango gwargwadon haka.

Ka lura da abu uku:

1. Kada magini ya bar kafar fitar ruwa a gindin bango. Inda ruwa ya bi, nan mai zai bi.
2. Bakin famfo da tiyo su kasance cikin ganuwa.
3. Bayan kowane ruwan sama ka kwashe ruwan da ya taru. Ganuwar da ta cika da ruwa ba ta da wurin mai.

In mai ya ɗiga, zuba yashi ko garin katako ya tsotse, kada ka kora da ruwa.

Kafin ka sayi siminti, kira malamin gona ku auna tare. Kuɗin bulo kaɗan ne bisa ga hasarar man shekara guda.