Idan Umarni Biyu Suka Ci Karo a Wasan Diplomacy

A wasan dara, ɗan wasa yakan jira abokin karawarsa ya taka, sannan shi ma ya taka. A wasan Diplomacy kuwa, kowa da kowa na takawa ne lokaci guda. Wani Ba'amurke mai suna Allan Calhamer ne ya ƙirƙiro wasan, aka fara sayar da shi a 1959. Allonsa taswirar Turai ce ta 1901, kuma mutum bakwai ne ke riƙe da ƙasashe bakwai: Ingila, Faransa, Jamus, Italiya, Ostiriya-Hangari, Rasha da Turkiyya. Akwai cibiyoyi 34 a allon, wanda ya fara mallakar 18 shi ya ci wasa.

A kowane zagaye 'yan wasa sukan keɓe su ƙulla yarjejeniya, sannan kowa ya rubuta wa rundunoninsa umarni a ɓoye. Daga nan sai a buɗe takardun gaba ɗaya. Yanki ɗaya ba ya ɗaukar runduna biyu. To, idan biyu suka nufi wuri guda, wacce za ta shiga?

Ba a yin ƙuri'a, lissafi ake yi. Ƙarfin kowace runduna ɗaya ne. Misali, rundunar Faransa ta taso daga Faris, ta Jamus kuma daga Munik, kowacce ta nufi yankin Bargandi. An yi kunnen doki ke nan, sai kowacce ta zauna inda take, Bargandi ya kasance babu kowa.

Abin da ke raba gardama shi ne goyon baya. Idan rundunar Faransa da ke Marsai ta tsaya a wurinta ta goya wa ta Faris baya, ƙarfi ya zama biyu da ɗaya. Faransa ta shiga Bargandi, Jamus ta tsaya a Munik.

Amma ana iya yanke goyon bayan. A ce Italiya tana da runduna a Fiyedmon, ta kai wa Marsai hari a wannan zagayen. Ko da harin bai yi nasara ba, rundunar Marsai ta shagala da kare kanta, goyon bayanta ya faɗi. Lissafin Bargandi ya koma ɗaya da ɗaya.

Idan kuma aka fi ƙarfin rundunar da ke zaune a wani yanki, dole ta ja da baya zuwa maƙwabcin yankin da babu kowa. In ba ta sami wuri ba, sai a cire ta daga allo.

Saboda haka da wuya ƙasa ta yi nisa ita kaɗai, sai da goyon bayan wata. Sai dai babu dokar da ta tilasta wa ɗan wasa ya rubuta abin da ya yi alkawari da baki. Wanda ya dogara da aboki ba zai san matsayinsa ba sai an buɗe takardu.