Sansanin Keta: Abin da Teku ya Bari, Abin da Mai Sassaƙa ya Tsinta

Duk wanda ya saba hawa trotro, wato motar haya, a Kumasi ya san kiran kwandasta: "Anloga Janshin, Tek!" Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar inda sunan ya fito. Anlogarmu takwara ce kawai. Uwar tana can bakin teku a yankin Volta, garin sarautar Anlo-Ewe, kuma 'ya'yanta ne suka kafa wannan unguwa, suka shahara da aikin kafinta kafin a kwashe mafi yawan masu katako zuwa Sokoban. Daga waccan Anlogar zuwa Keta tafiyar ba ta kai awa guda ba, a kan wata siririyar ƙasa mai yashi, teku a dama, tafki a hagu. A can ne kangon sansanin Prinzenstein yake tsaye, ko in ce rabinsa.

'Yan Denmark ne suka gina shi a 1784, bayan yaƙin Sagbadre, inda Gwamna Kiøge ya haɗa kai da mutanen Ada da wasu maƙwabta aka ci Anlo da yaƙi, aka ƙone Anloga. Ginin na daga cikin sharuɗɗan sulhun da aka tilasta musu. An tsare bayi a ɗakunansa suna jiran jirgi. A 1850 Denmark ta sayar wa Ingila duk sansanoninta na wannan gaɓa, daga baya wurin ya zama kurkuku, har zuwa 1980 da igiyar ruwa ta rushe babban ɓangarensa, shekara guda tak bayan UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tare da sansanonin Elmina da Cape Coast.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka riƙa zana irin waɗannan gine-gine. Ka duba zanen Elmina da Johannes Vingboons na Holan ya yi a shekarun 1660, ko waɗanda Jean Barbot na Faransa ya yi a tafiye-tafiyensa na wajen 1680. Kusan kullum mai kallo yana tsaye ne a kan ruwa, kamar daga cikin jirgi. Farin bango, tuta tana kaɗawa, bakin igwa, jiragen ruwa a jere. Mutanen gari kuwa 'yan ɗige-ɗige ne a cikin kwalekwale. Ba a yi waɗannan zane-zane don ƙawa kaɗai ba. Masu kuɗin kamfani da ke zaune a Amstadam ko Kopenhagen suna son ganin dukiyarsu, kamar yadda mai shanu yake leƙa garkensa. Ɗakin ƙasa mai duhu, inda ainihin hajar take numfashi, ba ya shiga hoto.

Sai da aka yi ƙarnuka kafin mai kallo ya shiga ciki. Haile Gerima ya ɗauki fim ɗinsa Sankofa na 1993 a sansanin Cape Coast, ya fara da wata mai tallan kayan ƙawa da ake ɗaukar hotonta a bakin ruwa, ba ta san a kan me take tsaye ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a Keta ta yau. Otal-otal sun jeru a gaɓa tun bayan da aka kammala katangar duwatsu ta kare garin a 2004, kuma a lokacin bikin Hogbetsotso na watan Nuwamba matasa kan cika wurin da waya a hannu, kangon yana bayansu.

A ganina, hoton da ya fi faɗin gaskiyar wannan sansani ba shi da bango ko ɗaya a ciki. El Anatsui, wanda aka haifa a Anyako a 1944, a ɗaya gefen tafkin Keta, ya yi karatun zane a jami'ar Kumasi, nan kusa da mahaɗar Anloga, sannan ya koma koyarwa a Nsukka ta Najeriya a 1975. A 1996 ya je Denmark, ya tsinci itatuwan da teku ya watso gaɓa, ya ƙona kawunansu a wata tsohuwar maƙera da aka taɓa ƙera bindigogin cinikin bayi, ya tsayar da su cirko-cirko kamar dangi a wurin zaman makoki. Ya kira aikin 'ya'yan Akua da suka tsira. Itacen da ruwa ya ɗauka ya jefar a baƙuwar ƙasa, ya ci wuya amma bai nutse ba: wane bayani ya rage? Manyan labulayensa na murfin kwalbar giya, waɗanda suka kai shi babban zauren Tate Modern a Landan a 2023, su ma daga nan suka samo tushe, domin barasa na cikin abin da ake musayar mutum da shi.

Mu Hausawa ba 'yan kallo ba ne a wannan labari, ko da yake ba kowa ke son jin haka ba. A yaƙin 1873 zuwa 1874, Kyaftin John Glover ya taho da dakarun Hausawa daga Legas, aka yaƙi Anlo da su, kuma da Ingila ta sake kama Keta, 'yan sandan Hausawa aka ajiye su tsare garin. Sojojin Hausawa ne kuma ke cikin sansanin Kumasi a 1900 sa'ad da rundunar Yaa Asantewaa ta yi masa ƙawanya. Da yawa cikin waɗannan dakaru bayi ne da suka gudo suka ɗauki kaki don su tsira da kansu. Hotonsu da ya rage mana na jaridun Landan ne: baƙin soja da hula, tsaye a bayan farin hafsa, babu suna.

Zangonmu bai rasa masu hannu ba. Yaran da ke zana fuskar babban malamin nan Shehu Sharubutu a bango da bayan mota, da masu ɗaukar fim da waya, su daure su shiga motar Keta su ga wurin da idonsu. Ruwa ya riga ya ci rabin ginin, kuma bai ƙoshi ba.